Zuciyata ta bushe a aikin jinya, ko kiran ne ya ƙare?

"Mama, barka da aiki. Ni nas ce, Kirista, ina da aure da yara biyu ƙanana. Na shiga aikin nan da tabbacin cewa Allah ne ya kira ni. Yanzu ina shekara ta bakwai, a ɗakin kwanciyar manya, kuma galibi aikin dare nake yi. Gaskiya zuciyata ta bushe. Majinyaci zai rasu a hannuna, in rufe shi, in cika takarda, in wuce gado na gaba, ban ji komai ba. In na koma gida, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Sai in yi wata ban je sujada ba, addu'a kuwa da na durƙusa barci ke kwashe ni. Maigidana yana ƙoƙari, amma na ga alamar ya fara gajiya. Bangaskiyata ce ta yi sanyi, ko dama ba a kira ni ba? Ta yaya zan sake samun ma'ana da ƙarfin gwiwa a aikin nan?"

Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Na daɗe a aikin nan, na sha aikin dare, daga baya na koma kula da ƙananan ma'aikata da koyar da ɗalibai, don haka wasiƙarki ba baƙuwa ba ce a wurina. In na fahimce ki, gajiyar kanta da sauƙi a kan hukuncin da kika yanke mata. Kin ce tunda ba kya jin abin da kike ji a da, to ko kin ja da baya a bangaskiya, ko kuwa tun farko kunnenki ne ya ji ba daidai ba. Ban yarda da ko ɗaya ba. Zan fara da jiki, domin a nan nake zargin matsalar ta fara.

Abin da ke damunki sananne ne

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan yanayi, wanda ake kira burnout a Turance, a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11. Ba ta kira shi cuta ba. Ta ce abu ne da ke samun ma'aikaci idan matsin aiki ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma ta ba shi alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin ko ta fara ƙyamarsa, sannan mutum ya riƙa ganin ba ya tsinana komai. Sake karanta wasiƙarki ki gani. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kai bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, kuma abin da ya gani shi ne waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne abin ya fi kamawa. Wadda ta shigo don albashi kawai ba ta cika rubuta irin wasiƙarki ba.

Bushewar da kike ji a gaban gawa kāriya ce da zuciya ke yi wa kanta. Ba mai iya yin makoki cikakke a kan kowane mamaci alhali sauran gadaje na jiran allura da ƙarin ruwa. Matsalar ita ce ƙofar da aka rufe a asibiti ba ta buɗewa don kawai an iso gida. Ga kuma aikin dare. Jikin mutum yana da nasa agogon, yana bin haske da duhu, shi ya sa barcin rana yake zama gajere, mai yawan yankewa, da wuya ya kai awa bakwai da babba ke bukata. Abu na farko da rashin barci ke ci shi ne haƙuri, kuma yara ne suka fi kusa. Barcin da ke ɗauke ki a kan gwiwa ma daga nan yake. Ki tuna almajirai a Getsamani. Luka, wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita, shi ne ya ƙara mana bayanin cewa baƙin ciki ne ya sa su barci (Luka 22:45).

Akwai dalili na uku da ba ki ambata ba, amma zan yi mamaki in babu shi. A 1984 Andrew Jameton, wani malamin falsafa da ya yi nazarin aikin jinya, ya bayyana irin ƙuncin da nas ke shiga idan ta san abin da ya kamata a yi wa majinyaci amma tsarin wurin ya ɗaure mata hannu: babu isassun ma'aikata, babu kayan aiki, ko an yanke shawara a sama ba a ji ta bakinta ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta ma'aikatan jinya a duniya sun kai miliyan 27.9, da giɓin miliyan 5.9. Wannan giɓin ba a takarda yake zaune ba. A kafaɗar irinku yake, daren da ya kamata ku zama huɗu kuka zama biyu.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan gajiya ba. A 1 Sarakuna 19, Iliya ya sauko daga babbar nasara a Dutsen Karmel, Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya ce ya ishe shi haka, a ɗauki ransa. Duba abin da aka fara yi masa. Ba wanda ya tambaye shi ina bangaskiyarsa. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb bayan kwana arba'in aka taɓo abin da ke ransa, kuma can ma an nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, wato ba shi kaɗai ya rage ba kamar yadda yake kuka, aka kuma ba shi Elisha. Annabi ke nan. In shi an fara masa da barci da abinci, ban ga dalilin da zai sa ke ki fara da tuhumar kanki ba.

Inda ma'anar take zaune

Nassin da mu masu jinya muka fi riƙewa yana Matiyu 25:35-40, inda Ubangiji ya lissafa yunwa, ƙishirwa, baƙunci, tsiraici, rashin lafiya da kurkuku, ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Abu biyu nake so ki lura da su, domin su ne amsar tambayarki. Na ɗaya, waɗanda aka yaba wa ɗin mamaki suka yi. Cewa suka yi, yaushe muka gan ka? Wato lokacin da suke yin aikin ba su ji wani tsarki ya sauko musu ba, ruwa kawai suka miƙa. Na biyu, bai ce "kun warkar da ni" ba, cewa ya yi sun duba shi. Darajar aikin ba ta rataya a kan abin da kika ji lokacin yin sa ba, ba ta kuma rataya a kan ko majinyacin ya tashi ba.

Saboda haka daren da kika juya tsohon da ba ya iya motsi bayan kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, kika jiƙa leɓen wadda aka hana ta sha, kika ja labule kafin ki tuɓe wa mutum riga, kika canza zanen gadon da ya ɓaci ba tare da kin yamutsa fuska ba, kika gyara gawa da mutunci kafin dangi su shigo, duk da zuciyarki na nan shiru kamar dutse, kin yi abin da nassin ya faɗa ɗungurungum. Ni a ganina ma hidimar shekara ta bakwai ta fi ta shekarar farko nauyi. A farko zumuɗi ke ɗauke da mutum. Yanzu babu zumuɗin, amma kina zuwa.

Wannan aiki yana da tsohon tarihi a ikilisiya. Wajen shekara ta 370 Basil, bishop na Kaisariya da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya gina babban wurin kula da matalauta da marasa lafiya har da kutare. A 1836 Fasto Theodor Fliedner da matarsa Friederike suka buɗe gidan horar da mata masu hidimar jinya a Kaiserswerth ta Jamus, kuma a can Florence Nightingale, Baturiyar da ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta je koyon aiki a 1851. Labarinta nake so mu ɗan tsaya a kai, domin yadda ake ba wa ɗalibai shi, da fitila a hannu, an rage masa abin da zai amfane ki. Ta rubuta cewa Allah ya kira ta hidimarsa ranar 7 ga Fabrairu 1837, tana 'yar shekara 16. Shekara 14 ta yi tana fama da iyayenta da 'yar'uwarta kafin ta samu wannan horon. A Nuwamban 1854 ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari a Turkiyya, lokacin yaƙin Kirimiya, da mata 38. Sun yi aiki ba dare ba rana, amma a hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a wurin, akasarinsu ba da raunin yaƙi ba, da kwalara da atuni da zazzaɓin taifot. Mace-macen ba su ragu sosai ba sai da aka turo hukumar tsafta a Maris 1855, ta wanke magudanan ƙazanta ta gyara shigar iska. Mace mai kira, mai addu'a, mai sadaukarwa, amma mutane na mutuwa a hannunta saboda abin da ke ƙarƙashin ginin. Da ta gane haka sai ta ƙarar da sauran rayuwarta kan alƙaluma da gyaran tsari, ta kafa makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, ta kuma yi shekaru masu yawa tana aiki daga ɗakinta saboda rashin lafiya. Ki auna mace-macen ɗakinki da wannan ma'auni kafin ki ɗora su duka a wuyanki.

A nan ne bangaskiya ke ba mu abin da ba kasafai ake wa'azinsa ba, wato izinin tsayawa. Kowa ya san Basamariyen nan na Luka 10 ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki ya yi jinyarsa. Aya ta 35 ce ake tsallakewa. Kashegari ya ba mai masaukin dinari biyu, ya ce ya kula da shi, abin da ya ƙaru zai biya in ya dawo, ya kama hanyarsa. A bakinmu na asibiti, ya miƙa aiki. Bai zauna har mutumin ya warke ba, kuma Yesu bai rage masa lada ba, shi ya nuna a matsayin abin koyi. Mai ceto ɗaya ne, kuma ba ke ba ce.

Bari in faɗi wani abu da ke ɓata mini rai. Kalmar kira ta zama sandar da wasu shugabanni ke kora ma'aikata da ita. A ce ki haɗa aiki biyu a jere, ki bar hutunki, ki yi shiru a kan haƙƙinki, ai hidimar Allah ce. Wanda ya ba da misalin Basamariye, a surar nan dai, shi ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa (Luka 10:7). A Markus 6:31 kuma, da ya ga almajirai ba su da sukunin cin abinci saboda jama'a, janye su ya yi su huta. Nas da ta kwana biyu ba barci ita ce ke kuskuren adadin magani, don haka ƙin karɓar abin da ya fi ƙarfinki kāre majinyaci ne.

Game da addu'a, ki rage mata tsawo ki ƙara mata yawa. Abin da nake koya wa ƙannena shi ne su haɗa ta da abin da dole sai sun yi. Wanke hannu da sabulu yadda aka tsara yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, ya ishi Addu'ar Ubangiji har da saura. In kin gama miƙa aiki da safe, a wankin hannu na ƙarshe, ki ambaci gadajen da suka tsaya miki a rai ɗaya bayan ɗaya ki damƙa su ga wanda Zabura 121 ta ce ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Ranar da ba ki da bakin yabo, akwai Zabura 13 mai tambayar "har yaushe", akwai Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu ba tare da an warware komai ba, kuma an bar su cikin littafin don irin waɗannan ranaku. A gefen gado kuwa, ki bar hannunki ya yi shaida. Mutumin da ke kwance ba shi da ƙarfin ce miki a'a, kuma ƙa'idar aikinmu ta wajabta girmama addinin kowa. In ya roƙi addu'a, ki yi. In na wani addini ne, ki nemo masa nasa malamin. Cicely Saunders, nas ɗin da ta zama likita ta kafa gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher a Landan a 1967, Kirista ce ta gaske, kuma abin da ta koya wa duniya shi ne ciwon mai mutuwa ya haɗa jiki da tunani da dangantaka da ruhu, kuma sauraro na cikin maganinsa.

Rashin zuwa sujada saboda aiki ba zunubi ba ne, Ubangiji da kansa ya ce halal ne a yi alheri ran Asabar (Matiyu 12:12). Amma wata guda ba zumunci yana busar da mutum. Ki nemi musanya ko da Lahadi ɗaya a wata, ki duba taron tsakiyar mako, ki kuma gaya wa fastonku halin da kike ciki. Sau da yawa ikilisiya na ɗauka nas ta yi sanyi ne, alhali ba wanda ya san jadawalinta.

Gida

Kin ce maigidanki ya fara gajiya. Na yarda, domin shi ma aikin dare yake yi, nasa a gida ne da yara biyu, kuma ba mai ce masa sannu. Abin da na gani a auren abokan aiki da yawa shi ne shiru ya fi aikin ɓarna. Kin dawo fuska a ɗaure saboda wani ya rasu da asuba, shi kuma yana ta lissafin laifin da ya yi. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta faɗin dalili. Magana ɗaya ta isa: "Daren jiya ya yi nauyi, ba kai ba ne, ka ba ni rabin awa." Sirrin majinyaci amana ce, ba za ki kawo suna ko abin da zai sa a gane shi ba, amma yadda abin ya taɓa ki naki ne, kina iya faɗa. Bayanin ciki da waje kuwa, na jini da na abin da aka yi da wanda aka kasa, ki kai wa abokiyar aiki da kika amince da ita. Kada ki nemi mijinki ya zama miji, ya zama fasto, ya kuma zama abokiyar aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku zauna ranar da kika huta, ba ranar da kika sauko daga aiki ba, ku tsara abubuwa ƙanana. A liƙa jadawalinki inda kowa zai gani. A keɓe awannin barcinki, ɗaki da duhu, waya a kashe, yara su san Mama na barci kamar yadda kowa ke yi da dare. Ki bar shan kofi ko shayi mai ƙarfi in an doshi ƙarshen aiki. Ki tambaye shi abin da ya fi yi masa wuya a dararen da ba kya nan, ki saurara ba tare da kāre kai ba. In akwai dangin da za su iya karɓar yaran wani lokaci, ku roƙa, babu kunya a ciki. Surukin Musa ne, Yetro, ya dube shi yana shari'a daga safe har yamma ya ce abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya raba aikin (Fitowa 18). Sau da yawa na gida ne ke fara ganin abin da mai hidima ya kasa gani, don haka in mijinki ya ce kin canza, kada ki ɗauke shi a matsayin ƙorafi kawai.

Yara kuwa ba yawan awanni suke ƙirgawa ba, abin da ba ya canzawa suke riƙewa. Ɗan lokaci kaɗan kafin ki fita, ki ɗora musu hannu ki yi addu'a, ki gaya musu za ki je taimakon marasa lafiya kuma za ki dawo da safe. In kin yi musu tsawa ba da haƙƙi ba, ki ba su haƙuri da bakinki. Yaron da ya ga uwarsa tana neman gafara ya koyi bishara fiye da wanda aka haddace wa ayoyi. Kada kuma ki yarda da tunanin cewa asibiti ne hidima, gida kuwa abin da ya rage. A kan gicciye, a tsakiyar aiki mafi girma, Yesu ya tsaya ya shirya wanda zai kula da mahaifiyarsa (Yohanna 19:26-27).

Wasiƙa ba ta isa a raba gajiyar aiki da ciwon damuwa ba, kuma sukan zo tare. Ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro (thyroid) ma suna kawo irin wannan kasala. In bushewar ta bi ki har ranakun hutu, ta kai mako biyu ko fiye kusan kullum, abubuwan da kike so a da sun daina yi miki daɗi, ci ko barci ya rikice, to ki ga likita a matsayin majinyaciya, ba hira a baranda da abokin aiki ba. In tunanin raba kanki da duniya ya taɓa zo miki, ko kin fara shan wani abu don ki samu barci ba da umarnin likita ba, yau za ki nemi taimako, ki kuma gaya wa mijinki. Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa taurin kai a nan. Shan maganin damuwa bai fi shan na hawan jini zama rashin bangaskiya ba.

Sai maganar zama ko tafiya. Kada ki yanke ta a ƙarshen jerin aikin dare. Ki karɓi hutunki na shekara tukuna, ki yi barci, ki ga wace ce za ta farka. In ƙarfi ya dawo, matsalar jadawali ce. In da kin tuna ɗakin nan gabanki ke faɗuwa amma jinya kanta ba ta fita ranki ba, ki nemi canjin sashe: asibitin sha-ka-tafi, rigakafi, lafiyar al'umma, koyarwa, ko ƙarin karatu a fannin da kike so. Shekara bakwai a ɗakin da ake yawan mutuwa ba kaɗan ba ne, kuma kiran bai zo da lambar ɗaki ba. In ma bayan addu'a da shawara kuka ga barin aikin na ɗan lokaci shi ne alheri ga gidanku, na san waɗanda suka yi haka suka dawo, na san waɗanda ba su dawo ba suna hidima a wani wuri.

Idan za ki ga shugabar sashenku, kada ki je da "na gaji" kawai, domin ita ma ta gaji. Ki je da takarda: dare nawa kika yi a watanni ukun da suka wuce, majinyata nawa ke hannunki a kowane dare, sau nawa aka soke hutunki. Sannan ki faɗi abu ɗaya takamaimai da kike roƙo, ko a rage dararen da ke jere, ko a mayar da ke aikin rana na wata uku, ki kuma nemi a sa ranar da za ku sake zama a duba.